Kufan Takedda: Garin Jan Ƙarfe a Bakin Azbin

Bahaushe ya raba tsakanin kango da kufai. Kango gini ne da rufinsa ya zube amma bangonsa na tsaye, har mai wucewa ya iya cewa nan ne zaure, can ne turaka. Kufai kuwa wuri ne da gari ya taɓa zama sannan ya tashi, ba abin da ya rage sai tudu da tsingaro da kusheyi, sai kuma suna a bakin tsofaffi. Ƙasar Hausa cike take da irin waɗannan wurare. Akwai Surame ta Kanta, akwai Alƙalawa ta Gobirawa wadda ta faɗi a 1808, akwai Turunku a ƙasar Zazzau. Kufan da wannan maƙala za ta leƙa ya fi waɗannan nisa, domin yana can arewa cikin Jamhuriyar Nijar, yamma da duwatsun Azbin, inda ƙasar noma ta ƙare hamada ta soma. Littattafan Larabci suna kiran garin Takedda, mutanen yankin kuwa a yau suna kiran wurin Azelik. Dalilinmu na zuwa can shi ne, ta bakin fataken wannan gari ne sunan Gobir ya shiga rubutaccen tarihin duniya tun ƙarni na 14, kuma ta nan ne Shehu Magili ya bi kafin ya sauka Kano. Duk da haka da wuya ka sami ɗalibinmu da ya taɓa jin sunan.

Abin da matafiyi ya gani

Mutum ɗaya ne ya bar mana bayanin Takedda tana raye, wato Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko. Ya iso garin a 1353 cikin ayari daga Gawo, a ƙarshen yawonsa na ƙasar Mali, kuma ya iso da rashin lafiya. A lokacin Sarki Yaji ɗan Tsamiya (1349-1385) ne ke sarautar Kano, wanda a zamaninsa ne Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka zo da addinin Musulunci. Ke nan abin da za mu ji ya faru ne a daidai lokacin da biranen Hausa suke buɗe ƙofofinsu ga duniyar Musulmi.

Ibn Baɗuɗa ya tarar da gidaje na jan dutse. Ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, don haka launinsa da ɗanɗanonsa sun sauya. Kunamu sun yi yawa, har suna kashe yaran da ba su balaga ba. Noma kaɗan ne, 'yar alkama ce kawai wadda fatake da baƙi ke ci, ana sayar da mudu 20 a kan miskali ɗaya na zinariya, alhali miskalin nan zai saya wa mutum mudu 90 na dawa. Mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci. Kowace shekara suna tafiya Masar su sayo tufafi masu tsada da sauran kaya. Akwai alƙali, akwai limami, akwai malamin makaranta, akwai kuma shugaban Magaribawa mazauna garin. Sarkin ƙasar, wani Barbar mai suna Izar, ba a cikin gari yake ba, yana zaune a tanti tafiyar yini guda daga nan, kamar dai yadda manyan Buzaye suka saba.

Inda bayanin ya fi armashi shi ne wajen jan ƙarfen. A bayan gari ake haƙo shi, a kawo shi cikin gidaje, bayi maza da mata su narka shi su zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi. Iri biyu ne, masu kauri da sirara. Masu kauri 400 ne a miskali, sirara kuwa 600 ko 700. Waɗannan sanduna su ne kuɗin garin. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da masu kauri ake sayen dawa da alkama da man shanu da bayi. Idan muka yi ɗan lissafi da farashin da ya bayar, mudun dawa ɗaya bai kai sanda 5 masu kauri ba. Mu tuna cewa wuri bai zama kuɗin kasuwa a Kano ba sai zamanin Sarki Sharefa (1703-1731), shekara 350 bayan wannan.

Akwai wani ɓangare na labarin da masu ɗoki da tsohuwar ɗaukakar Afirka kan tsallake da sauri, mu kuwa a ganinmu a nan ya kamata a dakata. Ibn Baɗuɗa ya ce attajiran Takedda suna alfahari da yawan bayi da kuyangi. Shi kansa ya nemi kuyanga mai karatu, ya saya a kan miskali 25, daga baya mai ita ya yi nadama ya nemi a warware cinikin. Miskali 25 sanda 10,000 ke nan masu kauri, kuma hannun bayi ne ya zuba kowace ɗaya daga cikinsu. Ran 11 ga Sha'aban 754, wato cikin Satumba 1353, da ya bar garin zuwa Tuwat saboda kiran da Sarki Abu Inan ya aiko masa daga Fas, ayarin da ya bi yana ɗauke da kuyangi kimanin 600. Marubucin ya faɗi wannan adadi a layi guda ya wuce, kamar mai ƙidayar raƙuma. Bai faɗi garin ko ɗaya daga cikinsu ba, balle sunanta. Amma ya riga ya gaya mana cewa daga Barno ake kawo wa Takedda kuyangi da babanni, kuma jan ƙarfenta kudu yake tafiya. Abin da ya sauka kudu a matsayin ƙarfe yakan komo arewa a matsayin mutum.

Neman garin

Bayan ƙarni na 16 Takedda ta ɓace daga bakin matafiya, har ya zama da Turawa suka fara karanta littafin Ibn Baɗuɗa a ƙarni na 19 ba wanda ya san inda take. Abin da ya daɗa rikita al'amarin shi ne, sunan ba na wuri ɗaya ba ne. A harshen Buzaye Tagidda suna ne na kwarin da ruwa ke taruwa, kuma akwai wurare da dama masu wannan suna a yamma da Agadas: Tagidda-n-Tesemt, wato ta gishiri, da Tagidda-n-Adrar, wato ta dutse, da Tagidda-n-Tagait. Wacce ce ta jan ƙarfe?

Henri Lhote, Bafaranshen nan da ya yi suna wajen binciken zane-zanen duwatsun Sahara, ya yanke hukunci a 1972 cewa babu wata. A ra'ayinsa Tagidda ta gishiri ce Takedda, kuma abin da aka kira jan ƙarfe a littafin gishiri ne. Ga mu masu nazarin adabi wannan ra'ayi yana da ɗan daɗi a kunne, domin mun san Ibn Baɗuɗa bai rubuta littafinsa da hannunsa ba. Shifta ya yi wa Ibn Juzayyi bayan ya koma gida, kuma mun san abin da mantuwa da masu juyar littafi kan yi wa labari. Sai dai bayanin ya yi filla-filla da yawa da za a ce tuntuɓen alƙalami ne. Ba a narka gishiri a zuba shi sanda-sanda, kuma ba ya sauya wa ruwa launi irin yadda aka siffanta.

Ƙasa ce ta raba gardamar. A shekarun 1970 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi aiki a wani kufai da ke arewa maso gabas da Tagidda ta gishiri, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, suka buga sakamakon a 1976. Mai son zuwa wurin yakan tashi daga Agadas ya yi yamma zuwa Ingal, garin dabino, sannan ya juya arewa ya shiga filin Igazar. Wannan fili shimfiɗaɗɗen yumɓu ne, da rani ya bushe ya tsattsage, da damina ya zama taɓo mai kama mota. A nan ne makiyaya, Buzaye da Bororo, ke taruwa ƙarshen damina domin dabbobinsu su lashi gishiri su sha ruwan kanwa. Wanda ya zo da tsammanin ganin ganuwa da hasumiya zai koma da takaici. Abin da ke Azelik tuddai ne marasa tsawo, da jerin duwatsun harsashin gidaje, da alamun masallatai waɗanda ake ganewa ta wurin alƙibla, da maƙabartu masu yawa kewaye da wurin, da idanun ruwa da har yanzu suke tsattsafowa. Sai mutum ya sunkuya sannan garin zai fara magana. Ƙasar cike take da tsingaro, da duwatsun niƙa, da gutsattsarin 'yan kaskon narka ƙarfe, da ɗigo-ɗigon jan ƙarfe da tsatsa ta mayar kore, da guntayen sanduna da zare na jan ƙarfe.

Binciken ya kuma bayyana abin da ya sa aikin ya kasance na cikin gida, kamar yadda matafiyin ya faɗa. Jan ƙarfen Azelik ba irin wanda ake gina babbar matoya domin a raba shi da dutse ba ne. Tsantsarsa ne Allah ya halitta ƙwaya-ƙwaya a cikin wani siririn shimfiɗin dutse kusa da doron ƙasa. Sai a fasa dutsen, a daka, a niƙa, a tsince ƙwayoyin, a narka a ɗan kasko. Wannan aiki ne na dutsen niƙa da haƙuri, irin wanda ake ɗora wa kuyangi a tsakar gida. Shi ya sa ba a sami tulin kashin maƙera ba, wanda rashinsa ya sa wasu suka yi shakkar wurin tun farko.

Ba kullum ne ƙasa take gaskata mai tona ta ba, ya kamata mu faɗi wannan ma. A wannan yanki ne Danilo Grébénart ya tono wasu ramukan ƙonanniyar ƙasa ya ɗauka matoyar jan ƙarfe ce ta wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka sake awo a 1988, sai ya bayyana da yawa daga cikinsu kututturan itatuwa ne da suka ci wuta. Abin da ya tabbata shi ne an yi narkar jan ƙarfe a yankin cikin shekaru 1000 na kafin haihuwar Annabi Isa, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan an taɓa zaton daga Takedda aka kai ƙarfen da aka ƙera kayan Igbo-Ukwu, sai awon da aka yi daga baya ya nuna akasarinsa daga ma'adinan kusa da su ne, wajen Abakaliki.

Kubar

Cikin wuraren da Ibn Baɗuɗa ya lissafa ana kai jan ƙarfen Takedda akwai waɗannan uku: Barno, wadda ya ce tafiyar kwana 40 ce kuma sarkinta Idris Musulmi ne, da Zagai, wadda masana suka saɓa a kan inda take, da Kubar, wadda ya ce tana ƙasar waɗanda ba su musulunta ba. Larabci ba shi da harafin "g", don haka da kaf ake rubuta shi. Kubar dai Gobir ce, kuma wannan yana cikin ambato mafi daɗewa da aka yi wa wata daular Hausa da sunanta a littafin da ya fito daga wajen ƙasar Sudan.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, ina Gobir take a 1353? Alƙalawa ba ta zama babban birni ba sai ƙarni na 18. Ruwayar Gobirawa da kansu ta ce daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle, wadda kufanta ke kusa da Dakwaro a jihar Maraɗi, kafin su ci gaba zuwa kudu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo irin wannan magana a Infaƙul Maisuri (1812), inda ya nuna Gobirawa ne mazauna ƙasar Ahir kafin Buzaye su rinjaye su. Tarihin Kano ma ya sanya zuwan Azbinawa Gobir da yawaitar gishiri a ƙasar Hausa a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463). Akwai kuma wani kufai kudu da Agadas, a gindin tsaunin Tigidit, mai suna Marandat, inda aka sami dubun-dubatar 'yan kaskon narka jan ƙarfe. Masana da yawa suna ganin ita ce Maranda da Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9, wadda Ibn Hauƙal ya sa a kan hanyar Gawo zuwa Masar a ƙarni na 10. Djibo Hamani, masanin tarihi na Jami'ar Yamai, ya danganta ta da kakannin Gobirawa.

Idan aka haɗa waɗannan, Gobir ɗin da fataken Takedda suka sani maƙwabciyarsu ce ta kusa. A nan ne muke ganin gurguncewar yadda muke koyar da tarihin Hausawa. Mukan fara da Bayajida da rijiyar Kusugu, mu jera Hausa Bakwai, mu zana taswirar da ta tsaya cak a Jibiya da Illela, kamar dai layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1890 da 1906 tun fil'azal yake. Alhali kuwa cikakken sunan da ake kiran kufan nan da shi, Azelik wan Birni, rabinsa Buzanci ne rabinsa kalmar da kowane Bahaushe ya sani. A fadar Agadas ma Heinrich Barth ya tarar a 1850 cewa mai kula da fataken Larabawa Sarkin Turawa ake ce masa.

Game da abin da ƙasar Hausa take yi da jan ƙarfe a wancan zamani, kusheyin Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina sun ba da amsa. An tona wasu a 1907, aka tona wasu a 1992, aka sami manyan mutane an binne su da mundaye da ƙarau na jan ƙarfe da tagulla, tare da zinariya da wuri da tasoshin da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, waɗansunsu na zamani ɗaya da Takedda. Ƙarfen ado ne da sarauta, ba na garma ba.

Malamai

Wajen 1492 Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Magili, mutumin Tilimsan, ya baro Tuwat ya shigo ƙasar Azbin. Ahmad Baba na Tambutu ya ruwaito cewa ya sauka Takedda, ya gana da sarkinta, ya karantar da mutanenta, sannan ya wuce Kano da Katsina, daga baya ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu. A Kano ne ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) littafin nan a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, kuma har yau Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Shekara 300 bayan haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa kafa hujja da fatawowinsa.

Cikin waɗanda suka zauna gabansa a Takedda akwai Muhammadu ɗan Ahmadu at-Tazakhti, wanda ya je gabas ya ƙaro ilmi, ya dawo ya zauna Katsina aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Shi ne Katsinawa ke kira Ɗantakum. Akwai kuma al-Aƙib al-Anusammani, mutumin wani ƙauyen malamai da ke kusa da Takedda, wanda ya yi karatu wurin Magili da Suyuɗi na Masar, ya kuma amsa wa Askiya tambayoyi. Wato shekara 140 bayan Ibn Baɗuɗa garin yana nan da sarkinsa da zaurukan karatunsa, kuma isnadin malaman Katsina ya ratsa ta cikinsa.

Tashin gari

Mutanen Ingal da na Tagidda ta gishiri suna da ruwayar yadda Azelik ta ƙare. Sun ce Sarkin Agadas ne ya ci ta da yaƙi, aka karkashe mutanenta, 'yan kaɗan da suka tsira daga cikin Inusufa, masu sarautar garin, su ne suka koma ga aikin gishiri. Masana suna ganin Inusufan nan su ne Masufa da littattafan Larabci suka sani. Ruwayar ta dace da abin da aka sani na tasowar Agadas. An kafa sarautar Azbin wajen 1405, ta zauna a Agadas cikin ƙarnin nan, kuma zango biyu masu karɓar fito ba sa zama lafiya a kan hanya ɗaya.

Amma yaƙi kaɗai ba ya kashe gari. Birane nawa aka ƙona suka sake tashi? Takedda ta kasa tashi ne domin abubuwan da suka tsayar da ita sun riga sun raunana. Shimfiɗin dutsen da ke ɗauke da ƙarfen siriri ne, mai ƙarewa ne, narka kuma tana cin itace a ƙasar da itace ya yi ƙaranci har ana sayensa da kuɗi tun 1353. Ga kuma kishiya daga waje. Tun kafin zamanin Ibn Baɗuɗa ayari na ketare hamada da tagullar Magrib: a 1964 Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan tagulla fiye da 2,000 tare da wuri. Daga ƙarshen ƙarni na 15 kuma jiragen Fotugal suka fara sauke mundayen tagulla a bakin teku. Sa'an nan hanya ta kauce. Mu da muke zaune a Jikwoyi mun ga yadda titin Nyanya zuwa Karshi ya mai da ƙauyen Gbagyi gari cikin 'yan shekaru, ba don an gano wani arziki a ƙarƙashinsa ba, sai don mutane suna wucewa ta nan. Abin da hanya ta bayar tana iya karɓewa. Da ayarin Masar da na Tuwat suka koma sauka a Agadas, fataken Takedda suka bi su, malamai suka bi fatake.

Abin mamaki, ma'adini ne ya sake jawo hankali ga wurin. Shirin haƙar yuraniyom a yankin ne ya sa aka yi binciken gaggawa na kufaifan Ingal da Tagidda tsakanin 1977 da 1981, domin a rubuta abin da ke ƙasa kafin manyan motoci su bi ta kansa, kuma yawancin abin da aka sani game da Azelik daga wannan zamani ya fito. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA, na haɗin gwiwar Nijar da Sin, domin haƙar yuraniyom a Azelik ɗin kanta. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Garin da Agadas ta gada bai shiga ba. Rahotannin binciken kuwa da Faransanci aka rubuta su, ɗalibin Kano ko Sakkwato ba ya karanta su, littafin Ibn Baɗuɗa kuma yana ajiye a sashen Larabci, sashen Hausa bai cika leƙa shi ba.

Jikokin mutanen Takedda suna nan a Ingal da Tagidda ta gishiri. Suna magana da Tasawak, harshen da ƙashin bayansa na Sangai ne, kalmominsa da yawa na Buzaye, irin wanda Barth ya ji ana yi a Agadas kafin Hausa ta maye gurbinsa. A Tagidda, ɗaruruwan 'yan tafkuna ne aka haƙa a jere cikin yumɓu. Ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya mai zartsi, a tace, a zuba a tafkunan rana ta shanye, a kwashe abin da ya rage a dunƙula shi. Gishirin ja-ja ne, na dabbobi, kuma kudu ake kai shi, kasuwannin Adar da na ƙasar Hausa.